Wa ke da alhakin ran mai tsallaka titi a Zongon Lome?

Ranar Juma'a 13 ga Disamba, 2024, wata tirela ɗauke da ƙaton tankin gas ta zo wucewa ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa da ke Agoe-Zongo, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta nufi arewa. Tsayin kayan ya zarce na gadar. Tankin ya daki kankaren, gadar ta rufto a kan ababen hawan da ke ƙasa, mutum 8 suka rasu, 3 suka jikkata. Gwamnati ta yi ta'aziyya, ta kuma sanar da buɗe bincike. Gadar da aka gina domin ta tsare rayukan masu tsallakawa ita ce ta danne mutane.

Duk wanda ya zauna a majalisun Zongo bayan abin ya ji tambayoyin da mutane suka riƙa yi wa juna. Wa ya auna tsayin kayan kafin motar ta tashi? Wa ya ba ta izinin bin wannan hanya da rana tsaka, lokacin da titi ke cike? Shingaye nawa ta wuce kafin ta iso nan? Kowace tambaya tana da ofishinta. Takardun mota da izinin ɗaukar kaya suna hannun ma'aikatar sufuri. Titi da gadoji na ma'aikatar ayyuka ne. Tsayar da mota aikin 'yan sanda da jandarmomi ne, su kuma suna ƙarƙashin wasu shugabannin daban. Kwashe waɗanda suka jikkata na 'yan kwana-kwana ne, jinyarsu ta ma'aikatar lafiya. Rumfuna da tebura da ke bakin kwalta kuma na ƙaramar hukuma ne. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Tambaya guda ce ba a iya nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa a kai ta: wa aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa waɗanda titi zai ci bana ba su kai na bara yawa ba?

Wannan tambayar ce asalin maganar kafa hukumar kiyaye haɗurra mai cikakken iko, kuma a Togo babu unguwar da ta fi Zongo cancantar a saurare ta a kai.

Zongon Lome ba a nan yake ba tun farko. A tsakiyar birni yake, har shekarar 1977 da gwamnati ta rushe shi ta kwashe mutanensa, fatake da dillalan shanu da 'yan goro da malamai, ta kai su Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da gari. A lokacin wajen gari ne sosai. Birni ya yi ta bin su har ya cim musu ya wuce, hanyar da aka ajiye su a bakinta kuma ta zama jijiyar cinikin yankin nan gaba ɗaya. Ita ce ke ratsa Atakpame da Sokode da Kara da Dapaong har Sinkase a iyakar Burkina Faso. Duk kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome da niyyar Wagadugu ko Yamai ko wani yanki na Mali, ta gaban Zongo yake bi. Nan aka yi tashar manyan motoci da aka sani da Terminal du Sahel. A watan Yunin 2021 aka buɗe filin masana'antu na Adetikope can gaba kaɗan, wanda ya ƙara jawo manyan motoci. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan Nijar masu yawa da a da suke bi ta Kwatano suka karkato ta Lome. 'Yan Zongo suna cin abinci da wannan hanya, direbobi da yaran mota da 'yan kamasho da masu shayi da masu faci, kuma su ne suke binne waɗanda take kashewa.

Ka tsaya a bakin titin tsakanin la'asar da magariba ka gani. An faɗaɗa hanyar, an raba ta biyu, kwalta ta yi santsi, saboda haka kowa yana taka mota yadda ya ga dama. Manyan motocin da ake kira titan sun jera a gefe, sun tare wa mai tsallakawa ganin abin da ke tafe. Wata mata da goyo a baya da kwano a ka ta samu ta kai tsakiya, ta tsaya a kan ɗan tudun da ya raba hannu biyu, tana riƙe da hannun yaro, iskar tirela tana kaɗa mayafinta. Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya biyo hannun da ba nasa ba a hankali, yana lallaɓawa ta gefen kwalta, domin wurin juyawa yana da nisa, mai kuma yana da tsada. Wani dattijo da carbi a hannu yana ta ɗaga kai yana duban motoci, sai wani saurayi ya matso ya ce masa, "Baba, kawo hannunka in tsallakar da kai." Wanda ya zana wannan titi kwantena ya gani a gabansa. Bai ga cewa gida yana wannan ɓangare, makaranta da kasuwa da masallaci suna wancan ba.

Alƙaluman da ma'aikatar tsaron Togo ke fitarwa sun nuna mutum 680 sun mutu a haɗurran hanya a 2021, sai 683 a 2022, ban da fiye da mutum 9,000 da suke jikkata kowace shekara. Fiye da rabin mamatan a kan babur abin yake samunsu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ya ninka na gwamnati fiye da sau biyu, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san al'adarmu. Ɗan sanda yana rubuta wanda ya mutu a wurin. Wanda aka ɗauka da rai ya cika a asibiti bayan mako guda, ko aka kai shi wajen mai ɗori ya rasu a gida, aka yi masa sutura kafin azahar, sau da yawa babu littafin da sunansa ke shiga. A duniya baki ɗaya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce titi yana cin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya asara idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Ba za a ce Togo ta naɗe hannu ba. Ta yi sabuwar dokar hanya a 2013. Shugaba Faure Gnassingbe ya ayyana 2014 shekarar kiyaye haɗurra, kuma a watan Afrilun shekarar ce motar fasinja ta yi karo da babbar mota a Talo kusa da Atakpame, fiye da mutum 40 suka mutu. Bayan haka aka matsa wa mutane lamba kan hular kwano da ɗamarar kujera, aka taƙaita tafiyar dare ga manyan motocin fasinja. Daga 14 ga Agusta, 2023 aka wajabta hular kwano har ga wanda aka goya. Wanda ya san Lome ya san cewa dokar hula ta kama, ta kuma ceci kawuna da yawa. Amma duba yadda matakan suke zuwa: babban haɗari ya auku, hankali ya tashi, a yi taro, a fitar da sanarwa, a cika titi da jami'ai na 'yan makonni. Kusan kowane mataki kuma a kan mai babur yake sauka, domin shi ne mafi sauƙin tsayarwa. Ba a cika jin an tsayar da injiniya ko ɗan kwangila ko mai kamfanin tireloli ba.

Shawarar a samar da hukuma guda mai jagoranci ba sabuwa ba ce. Ita ce shawara ta farko a rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2004. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta yammacin Afirka, wadda Togo ke ciki, ta fitar da umarni a 2009 kan yadda mambobinta za su tsara kula da lafiyar hanya. Maƙwabta sun kafa nasu: Kodibuwa tana da OSER tun 1978, Benin tana da CNSR, Burkina Faso tana da ONASER, Nijar tana da ANISER. A Togo ma an daɗe ana ambaton ofishin ƙasa na kiyaye haɗurra a takardu da taruka. Saboda haka suna da tambari ba su ne matsalar ba. Abin dubawa shi ne irin ikon da za a ba hukumar, da inda kuɗinta zai fito, da wanda za ta ji tsoro.

Najeriya ta riga kowa a yankin yin suna a wannan fage. A 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa hukumar FRSC, marubuci Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, bayan gwajin da aka fara a jihar Oyo a 1977. Ta haɗa lasisin tuƙi da lambar mota a tsari ɗaya, ta yi motocin ceto da ƙananan asibitocin bakin hanya, ta shigar da 'yan sa kai cikin aikin, tana kuma fitar da ƙididdiga a kai a kai. Waɗannan abin koyi ne. Amma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ko ya ji labarin tankar man da ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone, ya san cewa hukuma mai kaki ba ta gyara titin da ba ita ke gina shi ba. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa KAROTA a 2012, ta kuma rage hargitsi a mahaɗun titi da dama, sai dai direbobi da 'yan adaidaita sahu sun daɗe suna kuka da yawan tara. Darasin da ke nan mai nauyi ne. Duk hukumar da aka bar ta ta ciyar da kanta daga tara, za ta wayi gari tana bukatar masu laifi fiye da yadda take bukatar lafiyar hanya.

A ganina misalin da ya fi amfani ga Togo yana nan dab da Lome, ƙetaren Aflawo. Gana ta kafa hukumarta a 1999, ta shekara 20 tana wayar da kai, tana ba da shawara, tana tara alƙaluma, amma ba ta da ikon tilasta wa kowa. Za ta iya rubuta wa ma'aikatar tituna cewa wuri kaza yana kisa, takardar ta kwanta a teburi. A 2019 majalisa ta sake dokar, ta mayar da ita hukuma mai ikon kafa ƙa'ida da hukunta kamfanoni da ma'aikatun da suka saɓa. Togo ba ta bukatar ta ɓata shekara 20 kafin ta gano abin da maƙwabciyarta ta gano.

Ikon da ya fi muhimmanci shi ne wanda ba a gani a bakin titi. 'Yan sanda da jandarmomi suna nan, ƙara musu wasu masu kaki zai ƙara shingaye ne kawai, da hannayen da ake miƙa wa takarda da abin da ke cikinta. Abin da babu shi ne ofishin da zai duba zanen titi kafin a ba da kwangila, ya ce ba za a zuba kwalta ba sai an nuna masa inda yaro zai tsallaka. Ofishin da zai iya cewa wannan yanki na Zongo cikin gari ne, kowace mota ta sauko da gudunta, a sa tudun rage gudu da fitilar tsayawa da hasken dare, ko da masu kaya za su yi ƙorafin an jinkirta su da 'yan mintoci. Jikin mutum yana da iyakar bugun da zai iya ɗauka. Wanda mota ta buge tana tafiyar kilomita 30 a awa yawanci yakan tashi, wanda ta buge tana 60 ko 70 kuwa haɗarin rasa ransa ya ninka sau da yawa. Suwidin ta gina manufarta ta 1997 a kan wannan: mutum zai yi kuskure ko an yi masa wa'azi sau dubu, don haka a tsara titi yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba.

Nan ne maganar gadar sama take bukatar a sake duba ta. Jami'ai sukan ce an gina wa mutane gada sun ƙi hawa, taurin kai ne. Amma gada tana amfani ne ga mai ƙafa lafiyayya da hannu sake. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, mai tura baro, gurgu a kekensa, yaron da ke jan rago lokacin layya, duk ba za su iya hawa matakala masu tsawo su sauka ba, balle idan sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kai gindinta. Gada tana ɗauke mutum daga gaban mota domin mota ta ci gaba da gudu. A babbar hanyar da ke daji wannan daidai ne. A tsakiyar unguwa mai makarantu da kasuwa, a kan mota ya kamata nauyin ya hau. Idan kuma za a gina gada, to a kafa ƙarfen auna tsayi tun daga nesa, ta yadda kayan da ya wuce ƙa'ida zai tsaya a can. Dokar ƙasashen sefa ta 2005 ta riga ta ƙayyade nauyi da tsawo da faɗi da tsayin manyan motoci. Abin da ya rage shi ne mai bin diddigin ko ana aiki da ita tun daga ƙofar tashar jirgin ruwa.

'Yan zemijan su ma masu hakki ne a titi. Sana'ar ta bazu a Lome ne a farkon shekarun 1990, musamman lokacin dogon yajin aikin da ya fara a ƙarshen 1992, sa'ad da motocin haya suka tsaya, kuma har yau ita ce ke kai yawancin mutane inda za su. Da yawa daga cikin matasan da ke yin ta a bakin abokansu suka koyi tuƙi, babur ɗin na wani ne, kullum sai sun kai balas kafin su ci nasu. Wannan ne ke sa su gudu da kutse. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 saboda dalilan tsaro, adaidaita sahu ta maye gurbinsa, amma Lome ba ta da abin da za ta maye gurbin zemijan da shi a yau. Hukumar kirki za ta sauƙaƙa musu samun lasisi, ta koyar da su da Hausa da Ewe da Kotokoli da Kabiye, tunda ba kowa ke karanta Faransanci ba, ta ware musu layi a manyan tituna, ta kuma hana shigo da hulunan roba marasa inganci da ake saya don tsoron ɗan sanda kawai. Haka direban titan da ya kwana uku yana jiran takarda, sannan mai kaya ya matsa masa ya kai Sinkase ba tsayawa. Idan barci ya ɗauke shi, laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Akwai abin da ya rage namu, mu mutanen Zongo, kuma babu hukumar da za ta yi mana shi. Idan aka yi haɗari mukan ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu yafe wa direba, mu hana a kai magana gaba. Yafiya hali ne mai kyau, imani da ƙaddara kuma ginshiƙin addini ne. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma shari'a ta san kisan kuskure, ta ɗora masa diyya da kaffara. Wanda ya fito da mota ba birki, ko ya ba ɗan shekara 13 babur, ko ya kafa teburinsa a kan inda mutane ke tafiya har ya tura su cikin kwalta, ba zai fake da ƙaddara ba. Huɗubar Juma'a guda a kan wannan za ta isa inda allon sanarwa ba ya isa. Iyalin mamaci su yafe idan sun so, amma a bari a rubuta abin da ya faru, da wurin, da lokacin, domin da wannan rubutun ne za a gane wace kwana ce ke cin mutane.

Masu shakka suna da hujja, kuma na san ta. Sukan ce sabuwar hukuma sabon ofishi ne da sababbin motoci da taron bita a otal, talaka bai ga komai ba. Hakan na iya faruwa, ya kuma faru a wurare da dama. Maganinsa yana cikin dokar da za ta kafa ta. Kuɗinta ya fito daga wani kaso tsayayye na kuɗin ƙofa da ake karɓa a wurare irin su Davie, da na inshorar mota da binciken lafiyarta, kada ya dogara da tara ko da tallafin baƙi da ke ƙarewa idan aikin ya ƙare. Ta kasance a ƙarƙashin shugaban gwamnati kai tsaye, domin daraktan da ke ƙarƙashin minista ɗaya ba zai iya ba wani minista umarni ba. Ta haɗa littafin 'yan sanda da na asibitoci da na 'yan kwana-kwana wuri guda, ta buga shi kowa ya gani.

Sai kujerun majalisarta. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2019 Togblekope take da magajin garinta a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Agoe-Nyive ta 4, kuma shi ne mutane ke iya tarar da shi a ofis ko a wajen jana'iza. Ya kamata irinsa su zauna a ciki, tare da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan zemijan, da matan kasuwa, da wakilin naƙasassu, da shugabannin makarantun da ɗalibansu ke tsallaka titin safe da yamma, da sarakunan unguwanni. A ba su ƙuri'a, kada a tsaya ga gayyatarsu bikin buɗewa. Sannan dokar ta wajabta wa shugaban hukumar ya tsaya gaban majalisar dokoki sau ɗaya a shekara, ya karanta yawan waɗanda suka mutu hanya bayan hanya, ya faɗi wuraren da ya nemi a gyara, da ma'aikatar da ta gyara, da wadda ta ƙi. Idan shekara uku suka wuce adadin bai sauka ba, a sauke shi a naɗa wani.